Ɗorin Surukina

Matata ce ta laƙaba min "likitan ɓeraye", sunan kuwa ya bi ni har sashenmu a jami'a, har masu shara da shi suke kirana in na ba da baya. Ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya ce. Ni ba likitan asibiti ba ne, ko allura ban taɓa yi wa ɗan'adam ba. Aikina bincike ne a kan tsoka, yadda take ginuwa da yadda take gyara kanta in ta ji rauni. Shekara tara na yi ina wannan aiki a wani ɗan ɗaki bayan sashenmu a nan Keffi, daga ni sai fararen ɓerayena da warinsu, wanda ko sau biyu aka wanke rigata sai matata ta rantse tana jinsa.

In na rubuta abin da nake yi da Turanci sai ya yi kwarjini, amma da Hausa ba shi da wani wuya. Ɓera nake sa wa maganin barci, in ɗaure masa ƙafar baya da zoben roba yadda jini ba zai wuce ba, in zauna ina kallon agogo. Wani in kwance masa bayan awa biyu, wani huɗu, wani shida, wani takwas. Bayan mako biyu in yanki tsokar siriri-siriri, in rina ta, in duba a madubin da ke girmama abu. A jikin kowane zaren tsoka akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke kwance kamar ba su da aikin yi. Rauni ne ke tashinsu, su hayayyafa, su ɗinke ɓarnar da aka yi. To amma su ma da jini suke rayuwa. In robar ba ta daɗe ba, za ka ga sabbin zaruruwa sun fito jere reras, ɓeran kuma ya koma guje-gujensa. In ta daɗe, masu gyaran ma sun mutu, sai wata farar jijiya mai tauri ta maye wurin, irin wadda mahauci ke cirewa ya jefa wa kare. Ƙafar ta ƙanƙance, yatsun su naɗe, kuma har abada ba za su miƙe ba. Wannan na san shi kamar yunwar cikina.

Ni mutum ne mai baki, wannan ma kowa ya sani. Ba na barin ta kwana. Na taɓa tsayar da taron sashe cak saboda wani babba ya sa sunansa a takardar ɗalibin da ko karanta ta bai yi ba. Ɗalibi ya makara minti biyar wajen kwance wa ɓera roba, in wanke shi tas har sai ya gwammace da bai zo duniya ba. Duk garin nan mutum ɗaya ne in na zo gabansa harshena ke yin nauyi, shi ne surukina.

Baba mai ɗori ne a Angwan Iya, gado ya yi daga mahaifinsa. Daga Nasarawa ake kawo masa masu karaya, daga rugage, daga ƙauyukan Mada da Gwandara, Musulmi da Kirista. Kuma kada wani ya ɗauka zan zage shi a nan. Na ga aikinsa da idona, na ga ƙafafun da aka kawo kamar tsumma suka koma taka keke. Shekara goma sha biyu ina auren 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, tun daga bakin kwatar ƙofar gidansa nake cire takalmi. Shi kuma bai taɓa taka gidana ba, ko ranar suna daga ƙofa ya yi addu'a ya juya. Matata ce 'yarsa ta fari, don haka ba ya faɗin sunanta, ba ya kallon fuskarta. In zai yi maganarta sai ya ce "waccan". Ita ma in ta je gida, daga bakin zaure take durƙusawa ta gaishe shi kanta a ƙasa, ta wuce wajen mata.

Ranar wata Talata ce. Tun ƙarfe takwas na sa wa ɓeraye goma sha biyu roba, na awa huɗu, su ne rukunin ƙarshe da suka rage min in kammala takardar da nake fama da ita shekara uku. Sau biyu ana mayar min da ita, yajin aiki kuma ya taɓa cinye min ɓerayen gaba ɗaya, sai da na sake kiwo daga farko. Wajen ƙarfe tara wayata ta yi ƙara.

"Likitan ɓeraye, kada hankalinka ya tashi," in ji matata. "Mai babur ne ya zubar da ni a Gangaren Tudu ina hanyar makaranta, akuya ce ta gitta masa. Hannuna na dama ya karye, ƙasan gwiwa. An kai ni wajen Baba ya ɗora, har an dawo da ni gida."

Na yi salati, na ce yana ciwo? Ta ce, "Karaya ce fa, ba lalle aka ƙunsa min ba." Har da 'yar dariyarta. Na ce to ga ni nan zuwa. Ta ce, "Ka zo ka yi min me? Ka gama da 'yan'uwanka tukuna."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Allah ya yafe min, daɗi na ji da ta faɗi haka. Na ce a raina ai hannu yana wajen gwani, na koma kan kujerata na ci gaba da kallon agogo. Sha biyu daidai na fara kwance robobin ɗaya bayan ɗaya, ko minti ɗaya ban ƙara wa ɓera ba. Na tsaya na ga ƙafafun sun yi ja, jini ya koma, na rubuta komai a littafi, sannan na kulle ɗaki na hau babur ɗina.

Ƙarfe ɗaya na shiga gida. Yara suna makaranta, gidan shiru. Na same ta zaune a kan tabarma ta jingina da bango, hannun a kan matashi. An jera masa kara an naɗe da farin ƙyalle tun daga gwiwa har wuyan hannu, aiki tsaf, ko zare bai fito ba. Ta yi min murmushi, amma gumi ya jiƙa wuyan rigarta, ga fanka tana juyawa. Leɓenta na ƙasa duk shatin haƙori.

Na durƙusa na dubi yatsun. Sun kumbura suntum suna sheƙi, zobenta ya nutse a cikin nama. Na danna farcenta ya yi fari, na saki, sai da na ƙirga har biyar kafin jan ya fara dawowa, shi ma da ƙyar. Na nemi in zura yatsana ƙarƙashin ƙyallen, ko farce bai shiga ba. Na ce me take ji? Ta ce kamar kiyashi na yawo a yatsun. Sai na kama ɗan yatsanta na tsakiya na miƙar da shi a hankali, a hankali ƙwarai. Matar nan 'ya'ya biyu ta haifa, ungozoma ta ce ko tari ba ta ji ta yi ba. Amma ranar ta ƙwalla wata ƙara da har kajin maƙwabta suka watse.

Na san abin da nake gani, shekara tara ina haɗa shi da hannuna. Hannun yana kumbura daga ciki, ɗorin ya hana shi wurin zuwa, jini ya fara kasa wucewa. Na dubi agogon bango na yi lissafi ba tare da na so ba: awa huɗu da rabi ke nan da ɗaurawa. Malamar makaranta ce, da hannun nan take rubutu a allo, rubutun da saboda kyansa duk sanarwar makarantarsu ita ake ba wa ta rubuta. Na tashi na ɗauko almakashi a kan keken ɗinkinta.

Tana ganinsa ta kife hannun hagu a kan ɗorin.

"Me za ka yi?"

"Yanke shi zan yi. Ya matse, jini ba ya wucewa. In aka bar shi hannun zai mutu."

"Ɗorin Baba za ka yanke?"

"Ko na waye!"

"A'a, wallahi ba ko na waye ba." Idonta a tsaye. "Tun kafin a haife ni yake ɗori, ba a taɓa samun wanda ya kwance masa aiki ba sai shi da kansa. Sai a fara a ɗakin 'yarsa, da hannun surukinsa? Kafin magariba duk Keffi ta ji. A ce ɗan boko ya ce tsohon bai iya ba. Da wane ido zan shiga gidanmu?"

Na yi faɗa, na yi magiya, na kawo mata maganar ɓeraye. Ta ce ita ba ɓera ba ce. Na ce to bari in kira shi a waya. Ta ce wannan ba maganar waya ba ce, ban da haka ma wayarsa kullum tana cikin aljihun wata riga a rataye. "Ka taka ka je ka gaya masa. In ya ce a kwance, ko da haƙori ne ka kwance. Tafiyar minti goma ce fa."

Tafiyar minti goma. Na auna na ga da sauran lokaci, in na je na dawo kafin biyu an tsira. Na ajiye almakashin a kan tabarma, kusa da ƙafarta. Na sha tunanin wannan ajiyewar. Na fi ta ƙarfi, hannu ɗaya gare ta, da na danne ta na yanke ɗorin, da ta yi fushin wata guda ta huce. Amma can ƙasan zuciyata ni ma ba na son a ce ni ne na yanke, sai maganarta ta zame min mafaka.

A hanya ina ta bitar abin da zan ce. Baba, ɗorin ya matse, a zo a sassauta. Kalma nawa ce? Na maimaita ta ya fi sau ashirin, har da ƙarfi, mai babur ɗin da ke gefena yana kallona.

Na tarar da zauren cike. An kawo wani Bafulatani da saniya ta harba a ƙwauri, 'yan'uwansa huɗu sun danne shi, ga wasu dattawan unguwa zaune suna kallo, ga masu jiran layi har waje. Na cire takalmi na rarrafa na durƙusa. Baba ya amsa gaisuwata ba tare da ya ɗago ba, ya nuna min gefen buzu da haɓarsa. Na zauna. Na ce bari ya gama wannan, ai ba a katse mai ɗori yana tsakar ja.

Ina zaune ina kallon yadda yake aiki. Ya ja ƙafar, ya daidaita ƙashin, ya shafa man shanu, ya jera kara, ya naɗe. Sannan ya zura yatsunsa biyu ƙarƙashin ƙyallen ya zagaya da su. Ya ce bai yi ba, ya warware ya sake. Ya matsa farcen babban yatsan mutumin ya ƙura masa ido. Ya leƙa fuskarsa ya ce, "Kai, Bafillace, bar min fulakon nan, gaya min gaskiya, ina ne ke cizo?" Mutumin ya ce babu. Baba ya ce, "Ƙarya kake, ga goshinka yana faɗa min." Aka yi dariya. Ya ce wa 'yan'uwan ba inda za su tafi da shi sai bayan la'asar, sai ya ga yadda kumburin zai yi.

A nan na gane abin da ya faru da safe. Duk wannan da yake yi, da kallon fuska ake yinsa, da tambaya, da zaunar da mutum a gabanka awa biyu. 'Yarsa ta fari aka shimfiɗe masa a zaure a gaban jama'a. Na san yadda ya yi kamar ina wurin: kansa a juye, hannunsa na sauri, yana so ya gama a ɗauke ta. Bai tambaye ta ina ke cizo ba, in ma ya tambaya ba za ta buɗe baki a gabansa ba. Ya ɗaure da kyau don kada ƙashin 'yarsa ya goce, ya ce a kai ta gida. Daga baya ƙanwarta ta tabbatar min haka aka yi, ko minti goma ba a yi ba.

Agogon hannuna ya nuna biyu da rabi. Aka shigo da wata tsohuwa mai gocewar kafaɗa. Na gyara murya, wani dattijo ya juyo ya tambaye ni labarin jami'a, ko gaskiya ne za a sake shiga yajin aiki. Na ba shi amsa. Wallahi na ba shi amsa, har da bayani! Ina magana ina jin agogon yana cin naman hannuna. Na ce bari mutane su ragu, ba zan ce wa mutum aikinsa ya ɓaci a gaban masu jiran layinsa ba. Mutane kuwa ba su ragu ba. Uku ta yi, uku da rabi ta yi. Aka kawo min ruwa a kofin silba na kurɓa na ajiye. Ni da nake koya wa ɗalibai cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga ni zaune na ƙudundune kamar an jiƙa kaza.

Aka kira la'asar. Muka fita masallacin ƙofar gida, na tsaya a sahu na biyu, bayansa daidai. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Da aka sallame ya tsaya lazimi, na jira. Da ya miƙe na bi shi, muka tsaya mu biyu a gindin bango, karo na farko ba kowa kusa. Na durƙusa.

Shi ya fara magana, idonsa a kan carbinsa. "Malam, ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau, Baba."

"Hannun fa?"

Ga ƙofa ya buɗe min da kansa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Da sauƙi, Baba. Sai dai ya ɗan kumbura."

Na ga yatsunsa sun tsaya a kan carbin. Ya ce, "Waccan ɗin, ta yi kuka?"

Ƙarar nan tana cikin kunnena har lokacin. Amma na tuna yadda za ta ji in aka ce mahaifinta ya ji labarin ta yi raki, na kuma ga yadda tsohon ya yi tambayar da ƙyar, kamar ana zare masa ƙaya. Na ce, "Tana dai daurewa, Baba."

Ya sauke numfashi. "To, madalla. Haka take tun tana ƙarama. Kumburi kam dole ne. Jibi a kawo ta in duba."

Na ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma."

Na ja da baya, na ɗauki takalmina a hannu. Ina da yaƙini, har gobe ina da shi, da na ce masa "Baba, farcen ba ya mayar da jini," da ko takalmi ba zai tsaya sawa ba, da ya riga ni isa gidan da bai taɓa shiga ba. Yaren aikinsa ne, ya fi ni saninsa. Na hau babur na yi nisa kafin abin ya faɗo min gaba ɗaya, na tsaya a bakin titi na zagi kaina da babbar murya, zagin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Na ce yanzu in na je ko za ta tsine min sai na yanke. Biyar saura kwata.

Tun daga ƙofar gida na jiyo faɗa. Maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa 'yar Eggon da ta yi ritaya daga aikin nas, Mama muke ce mata. Ta dawo daga taron matan coci ta ji labari, ta shigo da farfesu a kwano. Kwanon yana nan a bakin ƙofa ko buɗe shi ba a yi ba. Ita kuwa tana tsugune, almakashin nan a hannunta, kara da ƙyalle warwatse a tabarma. Ba ta nemi izinin kowa ba, matata ta ce ko sallama ba ta ƙarasa ba ta fizgi almakashin.

Ta juyo kaina. "Haba, Oga! Kai ba dokita ba ne? Ka ga hannu haka ka tafi yawo? Wane irin karatu ne kuka yi?"

Hannun nake kallo. Ya yi tauri kamar icce, shatin kowane kara ya fito a jiki, ga ƙuraje masu ruwa sun taso a tsakani. Matata kuwa ta daina gumi, fuskarta ta saki. Ta dube ni ta ce, "Ku duka kun cika tsoro. Ka ga, tun wajen la'asar ma ya daina ciwo."

Mama ta dube ni, na dube ta. Na kama ɗan yatsan nan na tsakiya na miƙar da shi har ƙarshe. Matata ba ta ko motsa ba, tana ta yi min murmushi, tana jira in ce ta yi gaskiya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, don na san ba sauƙi ba ne, hannun ne ya daina ji. Yaranmu suna tsaye a bakin ƙofa da kayan Islamiyya, Mama ta daka musu tsawa su je su kira mai mota.

A asibiti likitan ƙashi bai ɓata lokaci ba. Tambaya ɗaya ya yi, ƙarfe nawa aka ɗaura, aka gaya masa, ya girgiza kai aka wuce da ita tiyata. Sun tsaga hannun tun daga gwiwa har tafi don ya sha iska. Sau uku ana shiga da ita cikin mako biyu. Da likitan ya ji aikin da nake yi sai ya daina lallaɓa ni, ya riƙa yi min magana kamar abokin aiki. Ya ce tsokar da ke lanƙwasa yatsu ta yi fari kamar dafaffen nama, an yanka ba jini, an tsunkula ba motsi, sun cire abin da ya mutu. Ya ce, "Kai ma ka san sauran." Na ce na sani. Na gwammace da ya yi min ƙarya irin wadda ake yi wa kowa.

Baba ya zo asibitin sau ɗaya. Bai shiga ɗakin ba, a gindin wata bishiyar mangwaro ya tsaya aka kira ni. Ya ce ya mai jiki, na ce da sauƙi. Ya daɗe tsaye yana kallon tagogin, bai san wacce ce tata ba, bai kuma tambaya ba. Matata ta riga ta ja kunnen kowa cewa a ce masa faɗuwar ce ta tsinka jijiya. Haka aka gaya masa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana wannan aiki, ban san wa muke ruɗi ba.

Ƙashin ya haɗe lafiya lau, miƙe sambal, likitan da kansa ya ce wanda ya daidaita shi ya iya. Amma wata uku ba su cika ba yatsun suka fara naɗewa. Kullum da safe ina yi mata gashi, ina miƙar da su ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana, kafin azahar sun koma. Hannun ya rame, wuyansa ya lanƙwashe ciki. Ko cokali ba ya riƙewa.

Ɓerayena goma sha biyu kuwa duk sun warke, har da wani mai yankakken kunne da nake ganin ba zai yi rai ba. Na yanki tsokarsu na duba, sabbin zaruruwa jere gwanin sha'awa. Aka karɓi takardar, aka ƙara min girma, abokan aiki suka yi ta taya ni murna a baranda. Na amsa musu, don ban san me zan ce ba in ban amsa ba. Har yau ina shiga ɗakin nan ina sa roba ina duba agogo, aikina ke nan, ban iya wani ba. Faɗan da nake yi wa ɗalibai ne dai na rage.

Ba ta taɓa yi min maganar ranar ba, ni ma ban yi mata ba. Ta karɓi allon ƙaramin ɗanmu ta riƙa koyon rubutu da hagu, yaran suna yi mata dariya tana taya su. Bayan wata bakwai ta ce za ta koma makaranta. Ranar da za ta koma, da safe, ina sa takalmi a bakin gado, ita tana gaban madubi tana fama da ɗankwali. Ta kama gefe ɗaya da haƙori, ta ja ɗayan da hagu, ya zame. Ta sake, ya zame. A karo na uku ta bar shi ya faɗi a kafaɗarta. Ba ta juyo ba, ta cikin madubin ta dube ni.

"Likitan ɓeraye, in tambaye ka, kada ka yi min kwana-kwana."

Na ce ina ji.

"Lokacin da ka shigo da ƙarfe ɗaya ka ɗauko almakashi. Da ka yanke a lokacin, da hannun ya dawo?"

Na ce, "A ɓeraye dai, abin da muke gani…"

"Ba ɓera na tambaye ka ba."

Na ce, "Da ya dawo."

"Da ka je wajen Baba fa? Me ya ce da ka gaya masa?"

Wata bakwai tana ɗauka tsohon ne ya ƙi. Wata bakwai tana riƙe da wannan a ranta, tana kuma kare shi. Ina iya barinta a haka, ba mai tona ni, don mu biyu ne a gindin bangon nan, shi kuwa ba zai taɓa faɗa ba.

Na ce, "Ban gaya masa ba. Awa uku na yi a gabansa, ya tambaye ni hannun, na ce da sauƙi."

Ta daɗe tana kallona a madubin. Na jira ta yi kuka, ko ta zage ni, wallahi da zagin ya fi min. Sai ta sunkuyar da kai ta dubi hannun a cinyarta, ta gyara masa zama da ɗayan.

"To," ta ce. "Zo ka ɗaura min ɗankwalin nan, yara suna jirana."

Na tashi na ɗaura mata. Ya karkace gefe guda, na ce bari in warware in sake. Ta ce in bar shi, ta ɗauki jakarta da hagu ta fita.